Jar Mota Mai Kujera Biyu

A gidanmu duk wanda ya iya tuƙi ya shiga uku, ni kuwa na iya tun ina jami'a. Yaya ma ya iya, amma shi kullum da uzurinsa: yau taro, gobe motarsa na gareji, jibi bayansa ya riƙe. Haka tsohuwar farar motata mai ƙofa huɗu ta zama ta kowa da kowa. Sunana ma ya ɓace a gidan. Direba ake ce mini, har 'ya'yan Yaya da aka haifa a kan idona, Anti Direba suke kirana.

Aikina gwajin jini ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Wuni nake a tsaye, safar roba a hannu, ina jera ƙananan kwalabe masu jan murfi da masu shuɗi, ina manna wa kowace lambarta, ina leƙa madubin ƙara girma har idona ya fara ganin abu biyu-biyu. In na cire farar riga na duba waya, sai in tarar da aike ya taru yana jirana. A ɗauko yara daga makaranta. A biya a karɓo buhun shinkafa. A kai Goggo wurin mai gilashin ido, Goggo ƙanwar mahaifinmu ce da ke zaune tare da mu, kuma gilashinta bai taɓa yi mata daidai ba.

Ban taɓa cewa a'a ba. Ba wai don ina so ba, kalmar ce take tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai na yi dabara irin ta masu ilimi: zan sayi motar da za ta riƙa faɗin a'a a madadina.

Na daɗe ina tara kuɗi, na daɗe ina karatu a kanta, na sayar da tsohuwar na cika. Ƙaramar motar tsere ce ta masu hannu da shuni, wadda wani ya hau ya gaji ya saki. Kujera biyu kacal. But ɗinta ko akwatin tafiya da ƙyar yake ɗauka. Rufinta na yadi ne mai kauri, in an danna maɓalli sai ya naɗe kansa ya shige baya, in an sake dannawa ya dawo. Da rufin a rufe, ko tukunya babba ba ta shiga. Abin da ya saye zuciyata ke nan.

Da Yaya ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya tare ni a bakin kicin.

"In kin tashi saye ki kira ni," in ji shi. "Dillalan nan suna ganin mace ita kaɗai, sai su sayar mata da baro su ce jirgin sama ne."

Na ce na gode. Ban kira shi ba.

Wurin dillalin wata doguwar rumfar kwano ce, motoci a jere kamar takalma a ƙofar ɗaki. Tawa tana can ƙarshe, ja wur, rufinta a naɗe, kujerun fata suna sheƙi. Dillalin mutum ne mai tumbi, makullai na lilo a yatsarsa. Ya gaishe ni da fara'a, amma idonsa yana bayana.

"Ranki ya daɗe, ina maigidan yake?"

"Wane maigida?"

"Wanda zai duba miki motar."

"Ga ta nan a gabanka."

Na zaro safar roba daga jaka na sa. Na buɗe gaban motar, na zaro sandar baƙin mai, na ɗaga ta wajen haske kamar yadda nake ɗaga kwalbar jini. Na shinshina ruwan lagireto. Na durƙusa na karanta shekarar kowace taya, na leƙa ƙarƙashi da fitilar waya ko akwai ɗigo, na bi jikinta da tafin hannu ina neman inda aka yi ciko aka shafe da fenti. Na samu wuri ɗaya a ƙofar hagu, na nuna masa, ya sosa ƙeya ya rage mini wani abu. Muka fita gwaji, na taka ta a miƙaƙƙen titi har hularsa ta nemi barinsa, ya dafe ta da hannu biyu yana salati.

Da muka dawo ya miƙo hannu wajen maɓallan da ke tsakanin kujeru.

"Shi kuma rufin nan, ranki ya daɗe, yadda ake..."

"Na sani."

"Ai maɓallin nasa ne nake so in..."

"Malam, na ce na sani."

Ya ɗaga hannuwa sama ya ja da baya. Na sa hannu a takardar da ta ce na karɓi mota yadda na gan ta, na karɓi makulli. Har yau ban ce kuskure na yi ba. Mutum ya shafe rabin yini yana nema maka maigida, ba za ka ƙare da barin sa ya koya maka danna maɓalli ba.

Hanyar gida ranar nan, ba zan iya kwatanta ta ba. Injin yana gurnani a ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi, iska tana jan mayafina, ba kowa a gefena, ba kowa a bayana, don bayan ma babu shi.

Ina yin hon gidan ya fito. Yaya ya zagaya motar a hankali, hannu a baya, kamar wanda ya zo duba mara lafiya.

"Masha Allah," ya ce. "To ina sauran? Ko sai wata mai zuwa za a kawo?"

Goggo ta gyara gilashi ta leƙa ciki. "Ni a ina zan zauna, jakata a ina, yaran kuma a ina?"

"Ai Goggo ba ta ɗaukar mutane da yawa," na ce, ina ƙoƙarin sa wa fuskata tausayi.

Mama dai ta shafa ƙofar ta yi addu'a, Allah ya tsare ya sanya alheri.

"Rufe ta mu gani," in ji Yaya.

"Ba a sayen irin wannan don a rufe."

A lokacin yanga ce kawai ta sa na faɗi haka. Sai da kowa ya koma ciki, na shigar da ita rumfar gida, sannan na danna maɓallin. Wani abu ya yi ƙara a baya kamar kukan sauro. Rufin ya ɗago kai bai fi taki guda ba, ya duba duniya, ya koma ya kwanta. Na sake dannawa. Wannan karon ko sauron bai amsa ba.

Washegari dillali ya saurare ni har na gama, sannan ya ce cikin ladabi, "Ai na so in nuna miki, ranki ya daɗe. Kika ce kin sani." Bakanike kuwa, wanda ya san irin waɗannan motoci, ya kwance bayan kujeru ya ce famfon da ke ɗaga rufin ne ya mutu, kuma babu shi a nan, sai an yi odarsa daga ƙasar da aka ƙera ta. Na ce a ja shi da hannu mana. Ya ce in an ja, ƙarafunan za su lanƙwashe, daga nan sai a sayi rufin gaba ɗaya.

"Yaushe zai iso?"

"Yana hanya da an biya."

Na biya. Ya ci gaba da zama a hanya.

Abin da ya rage shi ne in faɗa a gida, wato in tsaya a gaban Yaya in ce an sayar mini da baron da ya faɗa. Na gwammace rana ta gasa ni.

Ta kuwa gasa ni. Kujerar fata in ta wuni a fili, da yamma sai ta koma kasko, nakan shimfiɗa farar rigar aikina in zauna a kai ina cije leɓe. Na yi duhu, ban da wani farin layi da bel ya bar mini daga kafaɗa. A danja masu talla ba sa ƙwanƙwasa gilashi, a cinyata suke ajiye kaya su tsaya jiran kuɗi. Mutanen cikin bas suna leƙo ni daga sama kamar abin cikin kwano. A asibiti akwai inuwa ɗaya tak, ƙarƙashin wata bishiya, ashe tsuntsayen unguwar gaba ɗaya nan ne banɗakinsu. Na sayi tamfol na ɓoye a but, in na isa aiki in lulluɓe ta, in zan tashi in naɗe. Duk wanda ya tambaya, ƙura nake kare mata.

Sannan damina ta sauka.

Ruwan farko ya same ni a tsakiyar cunkoso, ba gaba ba baya. Na kunna abin share gilashi, yana ta aikinsa bil haƙƙi, ni kuwa ana yi mini wanka daga sama. Wani direban tasi ya sauke gilashinsa ya ce, "Hajiya, a ara miki lema?" Na gyara zama na miƙe wuya, na kama sitiyari da hannu ɗaya kamar mai shan iska. Haka na shiga gida, takalmina na kuka da ruwa.

Yaya yana tsaye a baranda da kofin shayi.

"Kowa ya sayi rariya," ya ce, ya kurɓa, bai ma ƙarasa ba.

"Sha'awa ce," na ce. "Ruwan farko yana da amfani ga fata. Ka tambayi duk wanda ya yi karatun lafiya."

"To ai ke kika yi."

"Shi ya sa."

Mama ta miƙo mini tawul. Sai dai ta daɗe tana kallona.

Duk wannan da sauƙi. Rana da ruwa ba su da wayo. Goggo ce mai wayo.

Wata Asabar ta fito da doguwar fankarta ta tsaye, wadda ta daina juyawa, ta ce a kai wa mai gyara. Na ji daɗi har cikin raina, don ranar da na sayi motar dominta ta zo.

"Wayyo Goggo, ai ba wuri."

"Ba wuri?" Ta ɗaga kai ta kalli sama. "Daga kujerar nan har gajimare, duk ba wuri ba ne?"

Ta buɗe ƙofa, ta zaunar da fankar a kujerar gefe, ta ja bel ta ɗaure ta da kyau kamar jikarta. Haka na ratsa gari da fanka a gefena, ta fi ni tsawo, kuma da iska ta buge ta sai ga ta tana juyawa, abin da ta ƙi yi a gida wata da watanni. Yara suna ɗaga mata hannu.

Daga ranar asiri ya tonu, ba na rufin ba, na motar: ashe babu abin da ba ya shiga motar da ba ta da sama. Tsohuwar farar motata ma tana da iyaka, wannan kuwa sai inda ƙarfin mai ɗorawa ya ƙare. Na kai tsani. Na kai sandunan labule. Na kai naɗaɗɗen kafet wurin wanki, yana tsaye kamar bututun masana'anta. Na ɗauko madubin tsaye na matar Yaya, na yi tafiyar nan gaba ɗaya ina kallon kaina daga gefe, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. An gudu ba a tsira ba. Da rufin yana aiki, da na rufe na ce ba ya shiga. Amma ni ce na yi shela cewa ba a rufe irin wannan.

"Wallahi Direba kin iya zaɓe," in ji Goggo. "Da farko na raina ta. Ashe a-kori-kura ce ta sa jan baki."

Kowane mako ina kiran bakanike daga bayan ɗakin gwaji, inda injin firjin jini ke rufe murya. Kowane mako famfo yana hanya. Ya tashi daga can. Ya sauka a tashar ruwa. Ana duba takardunsa. Na fara tunanin da ƙafa yake tahowa.

Ruwa na uku ko na huɗu ya bar mini tari. Ina zaune a falo da yamma ina shan ruwan zafi da zuma, Yaya ya zo ya zauna a hannun kujera, ya sassauta murya irin ta masu lallashi.

"Ƙanwata, akwai abokina mai babbar mota, kujera bakwai. Matarsa ta ga taki a hanya, ta ce ko ita ko yaji. Zai yi musaya, har ya ɗora miki wani abu. Ki dai ce rufin ya lalace, mu rufa miki asiri, tun da ita motar ta kasa."

"Kujera bakwai," na ce.

"Har da wurin kaya a sama."

Na yi tari maimakon amsa. Mama da ke ninke wanki a gefe ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Ke, dube ni nan. In rufin nan lalacewa ya yi, ba zan zuba ido ki kashe kanki a kan ƙarfe ba. A ba yayanki ya canza. Ya lalace ko bai lalace ba?"

Ban iya yi wa Mama ƙarya tsirararta. Na kalli kofina.

"Mama, rufin yana nan inda yake."

"Ban ce ya yi tafiya ba."

"Kuma zan rufe shi ranar da ya dace."

Ta daɗe ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Sannan ta ɗauki zanenta ta ci gaba da ninki. "Allah ya kawo ranar kafin ya kawo ciwon haƙarƙari," ta ce.

Yanzu magana ta fito fili. Duk ranar da kalmar lalacewa ta fita daga bakina, jar mota ta tafi, kujera bakwai ta shigo, ni kuma in zama direban bas har in tsufa. Na sayi rigar ruwa mai kyau, kalar motar, na ce ado ne.

Famfon ya iso a cikin wani kwali da bai fi na takalmi ba. Na tsaya a kan bakanike har ya gama ɗaurawa, ya zuba mai, ya goge hannu da tsumma, ya ce bismillah. Na danna. Rufin ya tashi a hankali, yana miƙa kamar wanda ya sha dogon barci, ya rankwafo ta kaina, ya sauka a kan gilashin gaba ya ce ƙwas. Hayaniyar gareji ta yi nisa. Inuwa ta rufe ni. Idona ya kawo ruwa, amma wurin akwai hayaƙi sosai.

Na taho gida a rufe, na'urar sanyi tana busa mini fuska, ina ta shirya yadda zan fito in ce yau ce ranar da ta dace.

A ƙofar gida na tarar da su. Yaya ya jingina wata doguwar ƙofar katako da bango, ta ɗakin yaransa ce da ta kumbura da damina, yana jirana in kai wa kafinta. Goggo na zaune a kujerar roba, Mama na tsaye a baranda. Na tsaya, na sauke gilashi.

"Au," in ji Yaya. "Ashe tana da hula."

"Na ce muku sai ranar da ta dace."

"Mun gani, mun yarda, Allah ya ja zamaninki. To cire mata hular, ƙofar nan za ki miƙa. Kafinta na jira."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk watannin nan ina jiran rufi ya cece ni, na manta cewa rufin da ke rufuwa yana buɗuwa, kuma kowa a gidan ya san haka. Na zauna hannuna a kan sitiyari ban motsa ba.

Goggo ta miƙo wuya. "Ko yanzu kuma buɗuwar ce ta gagara?"

Yaya ya sunkuyo ta taga, idonsa na ƙyalli. "Ya maƙale ko? Faɗi abinki, ba mai dariya."

Hanya biyu ya ajiye mini, kuma duk gidansa suke zuwa. In na ce ya maƙale, Mama na tsaye tana ji, gobe kujera bakwai na ƙofar gida. In na buɗe, ƙofar katako ta hau, bayanta firji, bayan firji Allah kaɗai ya sani.

Na danna maɓalli. Rufin ya tashi, ya naɗe, ya shige baya lafiya lau. Yaya ya juya zai ɗauko ƙofarsa. Na sake dannawa. Ya dawo ya rufe, ƙwas. Yaya ya tsaya rungume da ƙofa.

"Lafiyarsa ƙalau," na ce. "Ni ce ba zan kai ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan kai ba, Yaya. Yau hutuna ne."

Goggo ta cire gilashi ta goge ta mayar, ko za ta fi ji da kyau.

"Mama, kin ji abin da yarinyar nan ta ce?" in ji Yaya.

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni," in ji Mama. "Ka nemi mai ɗaukar kaya, suna nan birjik a bakin titi. Kuma ka ajiye ƙofar nan kafin ta faɗo maka a ƙafa."

"To ni fa?" in ji Goggo. "Ni ai ba ƙofa ba ce."

"Ke Goggo ki riƙa tambaya tun ana gobe. Wata rana in ce to."

"Wata ranar fa?"

"Kin dai ji yadda ake faɗinta yanzu."

Goggo ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah, ashe yarinyar tana da baki, su duk sun ɗauka hon ne kawai da ita.

Ban shiga gida ba. Na sa giyar baya, na juya, na hau titi. Sararin sama ya yi garau, sai na buɗe rufin, wannan karon don ni na ga dama. Na wuce makarantar yara, na wuce shagon mai gilashi, na wuce layin kafintoci ban ko waiga ba. A babbar mararraba danja ta ba ni hannu, sai na tarar ban san inda mutum ke zuwa ba in ba aikensa aka yi ba. Na baya suka fara hon. Na bar su suka yi mai isarsu, sannan na kunna sigina na bi hagu.